Jan Fensirin Vernon

Shekara talatin da takwas Vernon Oakes ya yi yana tuƙa jirgin dakon masara a kogin Mississippi. Mutum ne mai kaifin ido da tsadar magana. A wurin matuƙa irinsa, babu karamcin da ya kai ka ɗauki jan fensir ka gyara wa abokinka taswira: nan yashi ya taru, can ruwa ya ci gaɓa. Wanda ba ka ƙauna sai ka bar shi da tasa.

'Yarsa tilo, Darlene, ta rubuta littafin matsafa da dodanni, ya ci lambar yabo, jaridu suka yi ta kambama shi. Da kanta ta kawo masa har gida a garin Paducah. Yana buɗewa ya ci karo da taswira.

"Darlene, wannan kogin naki ai dutse yake hawa."

"Haba Baba, ƙasar tsafi ce fa!"

"To, a can ruwa ba shi da nauyi ne?"

Ta yi dariyar yaƙe, ta sauya zance.

Bawan Allah ya yi ƙoƙari. Rubutun ya tsaru, shi ma ya sani. Amma a shafi na arba'in jirgi ya kife, matsafi ya furta kalma ɗaya, kowa ya taso da ransa. Vernon ya rufe littafin. Ya taɓa tsayawa da igiya a hannu, ruwa ya haɗiye abokin aikinsa Cleon, ya yi ta kiran sunansa har muryarsa ta dishe. Duniyar da ba a nutsewa, bai san wa zai ji wa tsoro a cikinta ba.

Sai ya yi abin da ya iya. Kwana uku yana gyara taswirar da jan fensir, ya aika mata cike da murna. Ita kuwa gani ta yi ubanta ya kayar da ita jarrabawa. Ba ta sake tayar da zancen littafin ba.

Shekara biyu ya yi yana fama da karatun kafin ya kai ƙarshe, yana rubuta sunayen sarakunan ciki a bayan ambulan don kada su ɓace masa. Littafin bai shiga ransa ba, ƙarya kuma bai iya ta ba, abin yana cinsa.

Takan bugo waya ranar Lahadi, su taɓa hirar ciwon gwiwarsa da ruwan sama. Ambulan ɗin na gabansa, yana jira ta tambaye shi littafin.

"To Baba, sai wani satin. A riƙa shan magani."

"Darlene..."

"Na'am?"

"Ba komai, 'yata. Ki gaida mijinki."