Saƙon Mamaci a Cikin Kwamfutata

Gaisuwa gare ku ma'aikatan wannan mujalla. Ina roƙon ku sakaya sunana, domin abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Shekarun baya kaɗan ni ne mai ɗaukar bidiyon biki da suna a unguwarmu cikin Tahoua, matashi mai rawar kai da ganin ya fi kowa iya aiki. Tsohuwar kwamfutata ta gaji, in na ɗora mata biki guda sai ta tsaya cak kamar jakin da ya ƙi kaya. Burina shi ne in haɗa sabuwa da hannuna, in zaɓi kowane ƙarfe da kaina, ta yi mini aikin haɗa bidiyo da safe, da la'asar kuma mu buga wasan ƙwallo da abokai hoto bai sarƙe ba. Na samu akwati, na samu babban allon da ake kafa komai a kai, na sayi fanka har biyu saboda zafin garinmu. Abu biyu suka gagare ni: katin hoto mai ƙarfi da babban diski na ajiya.

Wata rana bayan azahar wani mutum ya shigo shagona da ƙunshi cikin bargo. Ya ce daga biɗa ya dawo, wato neman kuɗi a Libiya, an kuma ce masa ina neman irin kayan nan. Da ya kwance bargon sai murna ta kama ni: katin da nake mafarki ne, ga diski a gefensa. Kuɗin da ya yanka ko rabin daraja bai kai ba, yana magana yana kallon ƙofa. Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ban tambaye shi komai ba, don ba na son jin amsar. Na biya, ya fita ko bargon bai ɗauka ba.

Duk mai wannan sana'a ya san ana wanke diskin hannu tas kafin a yi aiki da shi. Ni kuwa tsabar son gani ta sa na fara buɗewa. Babu komai sai bidiyo guda. Wani mutum ne kwance bisa tabarma cikin ɗaki marar taga, ya rame har idanunsa sun faɗa, yana tari, yana Hausa irin tamu ta Adar. Ya gaida mahaifiyarsa, ya ambaci sunanta da unguwarsu a Takanamat. Ya ce ciwo ya ci ƙarfinsa, ba ya jin zai tashi, ta gafarta masa daɗewar da ya yi. Ya ce kayan nan ya tara su ne don ya zo ya buɗe shago a gida, ya damƙa wa abokin tafiyarsa ya kawo mata. Sannan ya dubi kamera sosai, ya ce duk wanda ya ga wannan amana ce a wuyansa, a gaya wa tsohuwa kada ta yi ta jira.

Wallahi na san ya kamata in kai saƙon. Amma nan take shaiɗan ya raɗa mini cewa in na kai saƙon, kayan sun zama na gado, dole in kwance kwamfutar da na yi wata da watanni ina haɗawa. Na ce ai ba ni na ci amanar ba, ni saye na yi. Na goge bidiyon, na ci gaba da harkata.

Aikin farko da na yi da ita na wani biki ne a Barmu. Kwana biyu da kai musu sai yayan ango ya kira ni yana faɗa, wai wane irin wulaƙanci ne wannan, ana tsakiyar guɗa sai ga wani majinyaci ya fito yana kallon mutane, har wata tsohuwa ta tashi ta bar ɗakin tana salati. Na duba nawa, ga shi kuwa, ƙiftawar ido uku, bakinsa na motsi ba murya. Wani abokin sana'a ya ce ba aljani ba ne, akwai kwafin bidiyon ɓoye a diskin, lambarsa ɗaya da ta wani guntun hoton bikin, shi ne injin ya ɗauko. Na yarda da shi, na cire diskin na jefa a aljihun tebur. Amma bayanin bai ba ni kwanciyar hankali ba. Da rana tsaka, kasuwa cike, in aiki ya yi nauyi fankar katin ta ɗauki gudu, sai in ji kamar numfashin mai ciwon ƙirji a bayana. In allon ya yi baƙi, ba na yarda in dube shi. Wasan da na haɗa ta dominsa ma na daina, abokai suna tsokanata wai na zama malam. Haka na kwashe wata bakwai ina cewa gobe.

Ranar da na kasa jurewa, na kwance katin, na haɗa da diskin, bayan na sa ɓoyayyen kwafin bidiyon a waya, na hau mota zuwa Takanamat da sassafe. Ban sha wuyar samun gidan ba. Na tarar da tabarmi a ƙofa, maza zaune ana karɓar gaisuwa, sai na ji sanyi a raina, na ce ashe labarin ya riga ni isowa. Da na tambaya sai aka ce ba zaman ɗan ake yi ba, tsohuwar ce ta rasu kwana huɗu da suka wuce.

Yayar mamacin ce ta karɓi wayar a zaure. Ta kalla har ƙarshe ba ta yi kuka ba. Ta ce duk ranar kasuwa tsohuwa sai ta dogara sanda ta je inda motoci ke tsayawa tana tambayar ƴan biɗa, kuma ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Ta ce har a ciwon ajalinta cewa take wai ɗanta fushi yake da ita, shi ya sa ya yi shiru. Sannan ta ɗago ta tambaye ni yaushe na ga wannan. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Da na faɗa, ta ƙirga watannin da yatsunta, ta ce lokacin nan tsohuwa da ƙafarta take zuwa rijiya. Ta miƙo mini wayata, ta shige gida. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koyi cewa amana ba sai wanda aka damƙa wa hannu da hannu take kamawa ba, duk wanda ta faɗo gabansa ta hau kansa. Ƴan uwana masu haɗa inji da kayan hannu, ku tambayi asalin abu kafin ku yi murnar arha, domin wani kayan yana da masu jiransa. In kuma saƙon wani ya biyo ta hannunku, ku kai shi a ranar. Ni na kai nawa, amma wadda aka aiko wa ta tafi tana zaton ɗanta bai yafe mata ba, kuma wannan ba ni da inda zan kai gyaransa.