Gaisuwar Safe a Ɗakin Zane

A ofishin safiyo, wato na awon ƙasa, inda na fara aiki akwai wata al'ada: kowace safiya ƙarami ke tasowa ya je teburin babba ya gaishe shi. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma ko masinja ya san ta.

Ni da kwantiragi na shiga, ina zanen taswira. Zaɓi aka ba ni: ko aikin dindindin a tura ni daji da masu awon ƙasa, ko kwantiragi in zauna a Kaduna. Lokacin Inna na kwance a Unguwar Shanu, ƙafa ta ƙi, ba mai ɗaga ta sai ni. Na ce kwantiragi. Babban akawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka dai yi tunani." Wane tunani kuma? Na hau kekena na koma gida.

Shekara ta zagayo a sabunta mini, ta sake zagayowa a sabunta. Ana haka aka ɗauki wani Bakatsine aikin dindindin, aka ce in koya masa. Kai, hannun nan nasa! Kafin ya ja layi ya cika takarda da ɗigon tawada. In ce, "Malam, zane kake ko shukar gero?" Sai ya yi ta dariya. Kullum da safe yakan zo teburina ya rusuna, "Yaya, an tashi lafiya?" Ina son mutumin, ba zan ɓoye ba.

Bayan Allah ya yi wa Inna rasuwa na nemi a mayar da ni dindindin, aka mayar. Ba a daɗe ba shugaban ɗakin zane ya yi ritaya. Kowa ya ɗauka kujerar tawa ce, har an fara tsokanata da "ranka ya daɗe".

Babban akawu ya kira ni. Ya ce, "Shekarun kwantiragi ba sa cikin lissafi. A wurin gwamnati, ran da aka tabbatar da kai, ran nan aka haife ka. Bakatsine ya girme ka."

Na ce, "Ni fa na koya masa riƙe alƙalami."

Ya ce, "Na sani. Ka riga shi zuwa, shi ya riga ka shiga."

Na jira in ji haushi, haushi bai zo ba. Ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na ce to, na fito.

Washegari ɗakin zane tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallo. Bakatsine na zaune a sabon teburinsa, ina zaune a nawa. Na ga ya dafa kujera zai taso, na san wurina zai zo, gobe kuma a ce shugaba bai san matsayinsa ba. Sai na riga shi miƙewa. Na je gabansa na rusuna.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Haba Yaya, don Allah." Muryarsa na rawa.

Tawa ba ta yi rawa ba. Duk ƙarin girman da ya zo daga baya, shi ke gaba, ni ina biye. Har na bar aiki bai daina ce mini Yaya ba, ni kuma ban daina zuwa teburinsa ba.