Shaddata a Jikin Alhaji

A shekarun da nake dakon kaya a wani sito a Paris, albashina bai taɓa ganin tsakiyar wata ba. Ba ci ke cinye shi ba, soyayya ce. Na tashi da karatun littattafan da saurayi ba ya zuwa zance hannu rabbana, ga shi wadda nake so tana can Vénissieux, a gefen Lyon. Yau in aika turare, gobe furanni, har ta ce ƙannenta sun fara atishawa.

Idan aljihu ya bushe sai in gangara unguwar Château Rouge, wurin wani Alhaji mai sayar da yadi. Yakan ba da rance zuwa ranar albashi, a mayar masa da ɗan ƙari da yake kira kuɗin shayi. Jingina kawai yake karɓa. Ni babbar rigata na ajiye masa, shuɗiyar shadda wadda na sa tela ya yi mata aikin zuciya biyu a ƙirji. Da ita na ɗauki hoton da na fara tura wa masoyiyata.

Sai yayarta ta haihu, aka gayyace ni suna. Ranar ce mahaifinta zai fara ganina. Na ruga in roƙi aron rigata, na tarar da shago a rufe. Haka na hau jirgin ƙasa da rigar sanyi, ina ta shirya kalaman da zan narkar da zuciyar surukina.

Ina shiga falon, wa zan gani a tsakiyar dattawa? Alhaji, sanye da shaddata! Zukatan nan da na haɗa, tumbinsa ya raba su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Har ya ɗiga wa ta hagu miya.

Ashe har a Lyon yana da masu karɓar rancensa, a kansa kuma ake gardama.

"Riba ce, a hana shi!" in ji mahaifin yarinyar.

Wani tsoho ɗan Chadi ya ce, "Malam, banki ya san da zamanmu? In yaro ya kwanta tsakiyar wata, ƙofar wa za ka buga?"

Wani ɗalibi ya ce a dai ƙayyade kuɗin shayin, don shayin Alhaji ya fi naman rago tsada.

Alhaji ya gyara hannun rigata. "Ni na taɓa kiran wani? Da ƙafarku kuke zuwa."

"Ni dai duk wanda ya taka shagon nan, ko kaza ba zan ba shi ba, balle 'ya," in ji mahaifinta. Ya juyo gare ni. "Kai samari, me ka gani?"

Kalaman da na haddace a jirgi duk suka gudu. Daidai nan masoyiyata ta shigo da tiren shayi. Ta kalli ƙirjin Alhaji, ta kalle ni. Na ce a raina shi ke nan, littafina ya ƙare tun a babin farko. Sai ta ɗaga ido sama kaɗan, ta yi murmushi.

"Baba, ga hularka da ka ce ta ɓace a masallaci. Ashe Alhaji ne ya tsinta."

Kowa ya kalli kan Alhaji. Alhaji ya shafa hular.

"Ba tsintuwa ba ce, 'yata. Hula ta Malam, riga ta wannan yaron. Kun ga tun ba a ɗaura ba sun haɗu a jikina."

Tsohon nan ya yi dariya har ya ƙware. Kuɗin shayi dai ba a cimma matsaya a kansa ba, amma an kafa doka guda: daga ranar, Alhaji ba zai ƙara sa jinginar kowa ba.

Da zan tafi, mahaifinta da kansa ya raka ni tashar taram, jirgin cikin gari.

"In ka ɗauki albashi ka fanso rigarka, ka zo mu gaisa sosai," ya ce, yana kallon gefe. "Ka taho mini da hular."