Namadi a Ajin Iyaye Mata

Namadi ɗan kabu-kabu ne, a hanyar Kebbe zuwa Tambuwal ya ƙare ƙuruciyarsa. Ba ya da yawan magana, ko fasinja ya taya shi hira sai dai ya ce to. Da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, Anisa, ya ƙi ba dangi riƙonta. Uwarsa ce ke kula da ita, tsohuwar kuwa idonta ya yi rauni.

Anisa na shekara huɗu wata ƙungiya ta buɗe ajin ƙananan yara a ƙauyensu, don 'ya'yan marasa ƙarfi. Sharaɗin guda ne: duk Alhamis uwa ko uba ya zo ya zauna da ɗansa. Iyaye mata suka cika tabarmi. Namadi ya jingine babur, ya zauna can bakin ƙofa, shi kaɗai namiji.

Abokan sana'arsa suka sa masa suna Inna Namadi. Ya ci gaba da zuwa duk Alhamis.

Malama Humaira, mai koyar da ajin, ta ce masa Anisa ba ta maida hankali, sai a kira ta sau da yawa kafin ta waiwayo. A gida ma an daɗe ana ce mata mai kunnen ƙashi, shi kansa ya taɓa tsinka mata mari a kan haka. Amma daga inda yake zama ya lura da wani abu: in Malama ta tsaya ta damar Anisa tana amsawa, in ta koma hagu sai yarinyar ta bi bakinta da ido.

Ya goya ta a babur zuwa asibiti a Tambuwal. Likita ya ce ciwo ya daɗe a kunnen hagu, magani zai tsayar da shi, amma jin da ya tafi ba duka zai dawo ba. A hanyar komawa ya tsaya ya saya mata rake.

Bayan shekara masu duba aikin suka zo daga Sakkwato. Suka gwada yaran da baƙaƙe da ƙirge, Anisa ta fito tsaka-tsaki. Wani matashi a cikinsu, Ziyad, ya tambayi Namadi ko zaman ya amfana masa wani abu.

"Ni dai nan nis san ɗiyata ba ƙin ji taka yi ba," in ji shi.

Ziyad ya nemi ya ƙara bayani, Namadi ya ce iyakarta ke nan.

Ƙungiyar ta ci gaba da ajin a wasu ƙauyuka, nasu ta rufe, wai iyaye sun rage zuwa da damina. Anisa tana firamare yanzu. Namadi ya sake aure bara, kuma kafin a ɗaura sai da ya gaya wa amaryar ta wane gefe ake yi wa yarinyar magana.