Furar da ta riƙe mana Illo

Jiya ina zaune da kakata Inna, labari ya iso cewa Illo, gwanin kokawar garinmu, zai koma Yamai. Ga girbi ya matso, in ba shi kuwa 'yan kokawar garin Damana sai sun share ƙasa da mu.

Inna ta ja tsaki. "Sa'ad da Nasara ke ɗibar ƙarti aikin dole, kakana ne gwani. Cikin rumbu aka ɓoye shi, mata na miƙa mishi fura. Ya fito ya kada kowa."

Na ce, "Inna, yanzu wa zai shiga rumbu?"

"To ku kai mishi furar mana!"

Yau da hantsi ƙorai shaƙe da fura suka cika ƙofar gidan su Illo. Illo ya fito, ya daɗe yana kallo, ya ce ba inda za shi.

Ku fa, da me kuke riƙe naku?