Herde Mai Ɗaga Bonet

A tashar Faya babu direban da bai san Herde ba, babu kuma wanda bai taɓa tsine mata a ransa ba. Shayi take sayarwa a bakin ƙofar fita, amma ba shayin ne ya yi mata suna ba. Duk a-kori-kurar da ta yi lodi za ta nufi wurin haƙar zinariya sai Herde ta sha gabanta, ta ɗaga bonet, ta duba ko filtar iska na nan. In babu, to ranar akwai kallo. Wuƙar da ke ɗaure a damtsenta ba ta ado ba ce, da idona na ga ta farke tayoyi huɗu kafin azahar.

Ni ne sanadi, shi ya sa ba na dariya in ana ba da labarinta. Matar wana Togoi ce.

Mu direbobin hamada muna da wata wauta da muke kira dabara. Inji da iska yake aiki. Filta tana tare masa yashi, amma tana ɗan shaƙe shi, in ka cire ta sai mota ta yi ruri ta zabura kamar an tsikare ta. Shekara ashirin ke nan, muka ji labarin 'yan fashi a hanya, na ce wa Togoi ya cire. Ya yi gardama, na kira shi matsoraci, ya cire. Kuma sun biyo mu ɗin, suna harbi har gilashin baya ya tarwatse, muka bar su a baya muna ihu. Washegari hayaƙi ya fara, inji ya shanye baƙin mai, ya yi tari ya mutu. Ya ci yashi ya ƙoshi.

Mu goma sha ɗaya, jarkar ruwa biyu. Togoi ya zauna a kansu yana raba mana da murfi. Rana ta huɗu wani fasinja ya rotsa masa kai da ƙarfen jak, aka zare wuƙaƙe, ruwan ma ya zube a ƙasa tare da jini. Mu huɗu aka tsinta da rai, babu Togoi a ciki, ni kuma babu yatsu biyu. Na faɗa wa Herde komai, har da kalmar da na gaya wa mijinta. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai sayi buta da kofuna ta koma bakin tasha.

Ɗansu Barkai ya girma ya zama direba, mai zuciya kamar uwarsa. Bara ya yi motar kansa. Ran da zai fara tafiya, mutum goma sha biyar a baya, Herde ta ɗaga bonet ta tarar da gidan filta wayam. Har dogon bututun da ke jawo iska daga sama ya yanke.

"Ina take?"

"Haba Inna, a gaban mutane? An kashe uku a hanyar nan makon jiya. So kike a kama ni kamar akuya?"

"Mayar da ita."

"Baffa, ka yi mata magana mana!" Ya juyo gare ni. "Ba kai ka ce motarku ta tashi sama ba?"

"Ta tashi," na ce. "Tambaye ni inda ta sauka."

"Ku tsofaffi kun cika tsoro. Inna, kauce, rana na yi."

Ya tayar da inji yana taka totur don ta ji tsoro. Herde ta duƙa, ta cika tafukanta biyu da yashi, ta ɗura a bakin iskar. Ta sake ɗebowa ta ƙara. Injin ya yi wata ƙara da har yau nake jinta a haƙorana, ya yi shiru.

Barkai ya diro ya hankaɗa ta, bakinta ya bugi bamba, haƙori biyu suka fita. Na shaƙo wuyansa, ya karya mini hanci da goshinsa, 'yan tasha suka rufe shi da duka har sai da Herde ta zare wuƙa ta tsaya a kansa. Jini na zuba a haɓarta ta ce, "Duk wanda ya ƙara taɓa shi, sai na zubar masa da hanji." Sannan ta dubi ɗanta a ƙasa. "Ga inda motarka ta mutu. Ga rijiya can, tashi ka sha ruwa."

Wata bakwai ya yi kafin ya haɗa wani injin. Tun ranar bai ƙara yi mata magana ba, ko a sallah. Na ce mata abin yana ci mini rai, ta ce ni ya dama. Kullum zai fita yakan tsaya da mota a gaban teburinta, fuska a murtuke, yana kallon wani wajen, ya ja wayar bonet. Ta duba, ta rufe, ta buga sau biyu da tafin hannu.

"Ya ƙi ni ɗin," in ji ta. "Ai sai mai rai yake ƙin uwarsa."