Matar da ke Latsa Rufin Mota

A ƙofar masana'antar da ke ƙera shimfiɗar rufin mota, bayan garin Trollhättan, ta tare tasi ɗina ana yayyafi. Doguwa ce, za ta kai sittin, furfurarta ɗaure tamau, an rubuta Gunvor a ƙirjin rigar aikinta. Wuyan hannunta duk tabon ƙuna ne, irin na wadda ta daɗe tana zare roba daga bakin inji mai zafi.

Ta shiga baya, ko gaisuwa ba mu gama ba hannunta ya kai sama. Tana bin rufin da babban yatsa, tana latsawa a hankali kamar mai zaɓen burodi. Ina jin motar kowa ta shiga haka take yi. Daidai saman ƙofar baya ta tsaya.

"Direba, wa ya taɓa nan?"

"Ni ne, Mama. Wayar kyamara na saka, wani guntun soso ya tare hanya, na cire shi."

"Guntun soso!" Ta dube ni ta madubi. "In motar nan ta kife, shi ne tsakanin kan mutum da ƙarfe. Muna can muna ƙona hannu, kai kana nan kana gyara mana aiki."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta matsa ɗaya gefen, ta ɗaura bel, ta ɗora jakarta a kujerar da ta bari.

Da za ta sauka ta nuna wannan kujerar ta ce, "Kar ka zaunar da ɗan kowa a nan."

Ga ni a gareji yanzu, ina tona kwandon shara, ina neman guntun soson.